Abin da Ya Ɗagu Shi Ne Naku

Mijina mai rainon dashe ne. Mangwaro, lemo, gwaiba, fiya, duk icen da ake cin 'ya'yansa, a leda yake rainonsa tun yana ƙwallo har ya isa a kai shi gonar wani. Mutane suna kiransa Mai Aure, don aikin da hannunsa ya fi faɗawa ke nan: ya yanko reshen ice mai daɗin 'ya'ya, ya tsaga jikin ɗan dashe mai ƙarfin saiwa, ya haɗa su ya ɗaure, su kama juna su zama ice ɗaya. Nakan ce masa duk auren da ya ɗaura babu wanda ya taɓa kawo ƙara, nasa ne kawai kullum ake rigima. Sai ya yi dariya ya ce ai ni ce ban gama kamawa ba.

Shekara da shekaru a bakin titi muka yi sana'ar, kan filin da ba namu ba. Yau a ce mu matsa za a faɗaɗa hanya, gobe a ce mai wuri zai yi gini. Shi ya sa muke da doka ɗaya da ba ma wasa da ita, wato ɗagi. Lokaci-lokaci sai an bi ledojin ɗaya bayan ɗaya an ɗaga, an datse 'yar saiwar da ta leƙo ta ƙasa, an mayar. In ka yi sake, saiwar za ta huda leda ta nutsa cikin ƙasa ta yi kauri, kuma ranar da aka ce ka tashi, sai dai ka yanke ta, dashen ya yi yaushi ya mutu. Ɗagi ne ya lanƙwasa wa Malam, mijin nawa, baya. Ni kuwa ƙuguna har yau yana ba da labari.

Don haka ranar da wani tsoho ya ce zai sayar mana da filinsa na bayan gari, Malam bai ci abinci ba don murna. Muka tattara abin da muka tara, na haɗa da abin wuyana, muka biya fiye da rabi. Aka yi magana a gaban shaidu cewa saura za mu riƙa kaiwa kaɗan-kaɗan, takardar filin kuma za ta zauna hannun tsohon sai ranar da muka cika.

A hanyar komawa na ce, "Malam, kuɗinmu sun tafi, takarda kuma ba ta zo ba. Wane irin ciniki ne wannan?"

Ya ce, "Baba ba yaro ba ne. Mutumin da a haife ya haife ni zai ci amanata?"

"Ni ban ce zai ci ba. Amma takarda ba ta san fuskar kowa ba."

"Ke dai ba ki iya ganin alheri ki yi shiru ba," in ji shi.

Gaskiya ne kuma, tsohon mutumin kirki ne. Kowane wata in Malam ya kai masa kuɗi, sai ya dawo da albarka cike da kunne.

Fili ba ruwa ba lambu ba ne, don haka muka nemi Mai Burtsatse. Wani ƙato ne mai yawan dariya, in ya ƙyalƙyale har tumbinsa rawa yake. Shi ma bashi ya yi mana. Ya haƙa rijiya, ya zura inji, ya kafa farantan sola a kan ƙarfe, ya ɗora tanki. Ya sa Malam ya sa hannu cewa filin ne jinginar kuɗin haƙa. Da ruwa ya fara zuba, ya wanke fuskarsa ya ce, "Mai Aure, ramin naku ne, tunda ba zan iya naɗe shi in sa a aljihu ba. Amma inji da faranti nawa ne har sai kun sallame ni." Muka yi dariya gaba ɗaya, har da ni.

Abu na farko da Malam ya yi shi ne ya fitar da iyayen daga gangunansu ya dasa su a ƙasa. Iyaye muke kiran itatuwan da ake yanko reshen aure daga jikinsu. Wasu tun hannun mahaifinsa suke, an yi ta yawo da su cikin rabin ganga daga wannan bakin titi zuwa wancan, a takure, ba su taɓa sanin ƙasa ba. Ranar da ya dasa su na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na yi kamar ina neman wani abu cikin buhun taki.

Bayan nan ne ya daina ɗagi. Ba lalaci ba ne, dabara ce ya yi. Ya ce masu manyan gidaje yanzu ba sa son ƙaramin dashe, sun fi son wanda ya kai kafaɗar mutum, kuma kuɗinsa ya ninka. In aka bar saiwa ta sha ƙasa, dashen zai yi saurin girma. Idan damina ta sauka sai a datse rabin saiwar, a bar ta ta warke, a dawo a datse sauran, a ɗaga lafiya lau.

Na ce, "In kuma aka ce mu tashi kafin damina fa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Wa zai tashe mu? A filinmu?"

Na yi ta mita na kwana biyu, sannan ƙuguna ya ji daɗin hutu, bakina ya mutu. Lambu kuwa ya yi kyau. Layi-layi, kore shar, ganye har sheƙi yake. Masu wucewa a mota sukan rage gudu su kalla.

Ana cikin haka tsohon ya kwanta ciwo. Ya daɗe yana jinya, daga wannan asibiti zuwa wancan, har Allah ya yi masa cikawa. Bayan an share makoki, Malam ya ɗauki kuɗin wata ya kai wa babban ɗansa, wanda kowa ke kira Magajin. Da ya dawo na lura bai cire hula ba, ya zauna kan bokitin da aka kife yana kallon ƙasa.

Na ce, "Ya karɓa?"

"Ya karɓa. Ko dubawa bai yi ba, ya cusa a aljihu."

"Takardar fa? Ka ce ya nuna maka?"

"Ya ce tana wuri mai kyau."

"Wane wuri?"

"Wuri mai kyau dai ya ce."

Mutumin da ya karɓi kuɗi bai duba ba, ko dai ya yarda da kai ƙwarai, ko kuma ya san kuɗin ba za su hana abin da ke tafe ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya ina ban ruwa na hango mutum biyu a bayan shinge da tef ɗin awo. Ba su yi sallama ba. Ɗaya ya riƙe bakin tef ɗin, ɗaya ya ja har kusurwa, suka buga turke, suka shafa masa jan fenti. Na ajiye tiyo na ce, "Bayin Allah, lafiya?" Suka ce aiko su aka yi. Na ce wa ya aiko su. Suka ce in tambayi mai fili. Na ce ai ga matar mai fili a gabansu. Ƙaramin ya dubi babban, suka naɗe tef ɗinsu suka tafi. Malam ya tuge turken ya jefa cikin tarin taki. Da gari ya waye, an kafa wani a daidai ramin. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wani mutumin banki ya zo bayan nan. Matashi ne mai ladabi, takalminsa na ƙyalli, ya gaida Malam har da rusunawa. Na fi tsoron irinsu a kan masu zuwa da ihu.

Ya ce, "Baba, wannan aiki naka ne? Kai, madalla. Ban taɓa ganin lambu irin wannan ba."

Malam, da yake yabon dashe ya fi masa yabon kansa, sai ya saki jiki ya shiga zagayawa da shi. Ya nuna masa iyayen, ya gaya masa wanne ne na mahaifinsa. Ina biye da su a baya. A tsakiyar layin manyan mangwaro, matashin ya tsaya ya sa bakin takalminsa ya ɗan tura wata leda. Ba ta motsa ba. Ya ƙara turawa da ƙarfi. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya matsa ta gaba, ita ma ya gwada.

"Baba, duk haka suke? Sun kama ƙasa?"

"Duk sun kama," in ji Malam da alfahari. "Ƙasar nan tana da kyau."

"Madalla," ya sake cewa, ya ɗauki hoton gindin ledar da wayarsa.

Sai da ya gama zagayen sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Lokacin da ciwon tsohon ya yi tsanani, Magajin ya kai takardar filin banki ya karɓi bashi, wani kaso na kuɗin ya tafi asibiti, wani kaso ya tafi kan motar haya da ya saya. Tsohon ya dangwala yatsa a kan gadon jinya. Motar ta lalace, biya ya tsaya. Banki ya riga ya yi rajistar jinginar a ofishin filaye, yanzu kuma filinsa yake so.

Malam ya ce, "Yallaɓai, ai an sayar mini. Akwai shaidu. Saura kaɗan in cika."

"Na ji, Baba, kuma wallahi ban ji daɗi ba. Amma a ofishin filaye babu sunanka."

Na ce, "To tsohon da yake kwance bai san inda kansa yake ba, yatsansa ne ya san ciniki?"

"Mama, wannan sai a gaban alƙali," in ji shi, ya rusuna ya tafi.

Gaban alƙalin kuwa muka je, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ɗaki ne mai dogayen bencina da fanka ɗaya da ke juyawa tana kuka. Mu huɗu ne a kan fili ɗaya. Banki ya ce takarda tana hannunsa. Magajin, wanda tun da aka fara bai yarda mun haɗa ido ba, ya tashi ya ce cinikin mahaifinsa bai kammala ba tunda ba a cika kuɗi ba, saboda haka fili na magada ne, kuma dangwalen da aka yi a asibiti bai inganta ba, alhali shi ya riƙe yatsan. Mai Burtsatse ya ɗaga tasa takardar ya ce shi ma filin aka jinginar masa. Mu kuma muna da shaidu biyu, ɗaya ya tsufa har ba ya ji sosai. Kowa ya faɗi abin da yake bi, babu wanda ya ambaci ko ganye ɗaya. Muna zaune ana ɗage shari'a, zafi yana ƙaruwa, kullum mu fito kotu mu wuce lambu mu yi ban ruwa.

Ranar hukunci alƙali ya yi ta karatu da murya ƙasa-ƙasa. Sai da muka fito baranda lauyanmu, wani siriri mai yawan share gumi, ya warware mana. Banki ne a gaba, don shi ya yi rajista. Takardar Mai Burtsatse ba ta hau kan filin ba, tunda wanda ya jinginar masa bai riga ya mallaka ba. Mu kuma kuɗin da muka biya bashi ne a kan magada, mu bi su in sun samu. Za a rufe filin a yi gwanjonsa da duk abin da ya kafu a cikinsa.

Malam ya ce, "Dashena fa?"

"Abin da ya ɗagu shi ne naku," in ji lauya. "Abin da ya kama ƙasa, na ƙasa ne. Banki ya riga ya sa su cikin ƙimar filin, har da hotuna."

Na tuna bakin takalmin nan mai ƙyalli, na ji kamar in kurma ihu. Mai Burtsatse yana tsaye kusa da mu. Tun da na san shi, ranar ce kaɗai na ga fuskarsa babu dariya. Ya matso ya ce wa lauya, "Maimaita mini. Abin da ya ɗagu, ka ce?" Lauya ya maimaita. Ya gyaɗa kai a hankali, ya juya ya koma cikin ofishin kotu, bai yi mana sallama ba.

Kafin ranar tashi ta zo muka ji Magajin ya ɗaukaka ƙara. Na tambayi lauya ko wannan zai sa a bar mu. Ya ce a'a, mu tamu ta ƙare. Abin da zai jawo kawai shi ne a dakatar da gwanjo, fili ya zauna a kulle har su gama da banki. Na ce har yaushe. Ya share gumi ya ce Allah kaɗai ya sani.

Ranar tashi muka ɗauko babbar mota haya. Masinjan kotu ya riga mu isa, dattijo ne mai furfura, da sabon kwaɗo a hannunsa. Rana tun da hantsi ta fara dukan ƙeya, ko alamar hadari babu, damina da sauran nisa. Muka loda garewani, cebur, baro, buhunan taki, da ƙananan dashen da ke kan daɓen siminti, waɗanda saiwarsu ba ta sami inda za ta shiga ba. Duka-duka ba su cika kwatar motar ba. Sannan muka tsaya gaban manyan layukan.

Malam ya tsuguna ya rungumi leda ta farko ya ja. Ko gezau. Ya gyara tsayuwa ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Ledar ta yage a hannunsa, dashen yana nan tsaye. Ya bi layin yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, kamar bai san amsar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ban faɗa ba, don ko ni na san ranar ba ta baƙar magana ba ce.

Masinja ya daɗe yana kallonsa. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, zan je bakin hanya in amsa waya, kuma wayar tawa takan daɗe. In na dawo, abin da na tarar a mota, ni dai na san ɗaguwa ya yi." Ya fita ya ba mu baya.

Na zaro adda daga cikin baro na miƙa wa Malam. "Yanke. Yi sauri, ni zan riƙa lodawa."

Ya karɓa. Ya kwantar da dashen farko gefe, ya sare saiwar. Kaurinta ya kai babban yatsa, fara sol, ruwa na tsatsowa. Ya ɗaga dashen ya riƙe a ƙirji, ya dubi saiwar, ya ɗaga kai ya dubi rana.

Ya ce, "Ba za su kai ba. A wannan zafin, sara ɗaya, kafin jibi duk sun zube."

"Ko goma suka rayu, namu ne."

"Ko ɗaya ba zai rayu ba. Kin sani."

"To su mutu a hannunmu! Ya fi mu bar wa waɗanda ko sunansu ba su sani ba."

"Ni na raine su," in ji shi a hankali. "Ba zan bi su da adda ba."

Na zage shi ranar, zagin da ban taɓa yi masa ba tun da aka kawo ni gidansa. Na tuna masa abin wuyana, na tuna masa ƙuguna. Ya ajiye addar, ya je ya kunna inji, ya ja tiyo. Direba yana ta danna oda a waje, shi kuwa yana bin layi yana shayar da su, kowanne sai ƙasa ta ƙoshi. Da ya iso wurin iyayen ya daɗe. Da zagin ya ƙare mini, na ɗauki ɗaya tiyon na kama layin lemo, ina yi ina kuka.

Masinja ya dawo ya leƙa mota, ya ga dashe ɗaya tak a kwance da saiwa a yanke. Ya dubi Malam.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Duk wanda za a sa gadi, a gaya masa safe da yamma ne. Ba wuya, maɓallin nan kawai zai danna, ruwa zai zo da kansa. In suka kai damina, shi ke nan, sun tsira, ko wa ya saya zai same su da rai."

"Zan faɗa," in ji masinja. "Wannan kam zan faɗa."

Na shiga gaba kusa da direba. Malam ya hau baya ya zauna kan buhun taki, fuskarsa na kallon lambun. Ganyen da ya sha ruwa yana ta ɗiga. Masinja ya ja ƙyauren ya saƙala kwaɗo.

Ba mu kai kan kwana ba muka yi kiciɓis da wata ƙaramar motar ɗaukar kaya. Hanyar ƙarama ce, sai da direbanmu ya raɓe. Tsani ne a bayanta, da igiyoyi, da akwatin sifana. Mai Burtsatse ne a gaba, da takarda mai hatimin kotu a kan cinyarsa. Ya gan ni sarai, ya kawar da kai.

Ta madubin gefe na ga ya tsaya a ƙofar lambun, ya miƙa wa masinja takardar. Dattijon ya karanta, ya daɗe a tsaye, sannan ya cire kwaɗon da bai riga ya danna ba. Aka sauke tsani aka jingina shi da ƙarfen farantan sola don a kwance su.

Direba ya ce, "Mama, Baba yana buga mota. In tsaya?"

Na saurara. Bugu uku ya yi da tafin hannu, sannan ya daina.

Na ce, "Mu je."